Ƙahon da Labbo Wanzami Ya Yi wa Ƙanwarsa

Labbo Wanzami mutumin Bungudu ne, can aka haife shi, can aka binne shi. Ubansa wanzami, kakansa wanzami. Tun bai kai shekara goma sha biyar ba aka rataya masa zabira, lokacin da Nasara suka shigo ƙasar Sakkwato kuwa ya riga ya yi aure har ya fara tara gemu. Ya iya aski, ya iya zanen suna, ya iya cire beli, amma abin da ya kai sunansa har Tsafe da Gusau shi ne ƙaho. Hannunsa ba nauyi. Zai ɗora maka ƙaho a baya ya zuƙa, ya toshe bakin da guntun jijiyar da yake tauna, ya cire, ya yi tsaga ƙanana, ya mayar, kai kana ta hira ba ka ma san an taɓa ka ba. In damina ta matso, rumfarsa ba wurin zama, don kowane manomi yana so a rage masa mataccen jini kafin ya kama fartanya. Yadda mutanen wancan lokaci suka ɗauka, in kanka na ciwo, ko jikinka ya yi nauyi, ko kana ganin jiri, to jini ne ya mutu ya kwanta, sai an fitar da shi. Haka uban Labbo ya koya masa, shi ma bai taɓa jin wani ya ce ba haka ba.

Yana da ƙanwa guda ɗaya, Wasila, ita ce auta. Uwarsu ta rasu yarinyar tana rarrafe, saboda haka a hannun Labbo ta tashi, shi ya riƙa ba ta koko, shi ya riƙa saɓa ta a wuya yana zuwa kasuwa da ita. Da ta girma ta auri wani manomi, Arzika, aka kai ta Wonaka can bayan Gusau. Shekara bakwai ba ta ko yi ɓari ba. Sai a shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa Allah ya ba ta ciki. Ka san haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, su kuwa ba uwa ba uba, sai aka kawo ta gidan Labbo, matarsa Hanatu ta karɓe ta.

Ranar da ta haihu Labbo yana cikin yi wa wani dattijo aski, ya gama rabin kai, aka zo aka ce masa an sauka lafiya, an samu 'ya mace. Ai sai ya ajiye aska ya ruga gida ba ko takalmi, ya bar dattijon nan zaune da rabin gashi yana ta kira, "Kai Labbo, haka za ni gida?" Wunin ranar duk wanda ya gamu da shi sai ya riƙe masa hannu ya ce, "Wasila ta haihu, Wasilata hwa!" kamar shi ne mutum na farko da ƙanwarsa ta taɓa haihuwa a duniya. Da Hanatu ta ja shi gefe ta ce ungozoma ta ce jinin da ya zuba ya yi yawa, har ya fi na haihuwa biyu, bai ma tsaya ya ji ba. Ya ce, "Datti ne ya fita, Alhamdu lillahi." Ran suna shi da kansa ya yi wa jaririyar aski, aka sa mata Saude.

Ana ta wankan jego safe da yamma, ana ba ta kunun kanwa, amma nama sai jefi-jefi, don yunwar bara ta cinye dabbobin gari. Kwana goma, kwana ashirin, Wasila ba ta ƙara ƙarfi ba. Daga ɗaki zuwa wurin wanka sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. Wata safiya Labbo ya leƙa gaishe ta, ta ce masa, "Yaya, in na miƙe sai ɗakin ga ya riƙa juyawa da ni. Kunnena kuma kamar ana daka a ciki, dare da rana."

Labbo ya yi dariya. Ya ce, "Wannan ne ya dame ki? Sauran jinin biƙi ne ya hau miki kai. Ke da yayanki ke wanzami? Mutane na tahowa tun daga Tsafe, ke ga shi a gida."

Ya sa Hanatu ta zaunar da ita a kan tabarma ta gyara mata zane. Ya ɗora ƙaho huɗu a baya, biyu a ƙeya. Da ya cire ya juye a kan yashi, abin da ya fito bai yi kama da jinin da ya saba gani ba. Na manoma baƙi ne, yana daskarewa guda-guda. Wannan kuwa tsararo, kamar ruwan da aka wanke nama. Maimakon gabansa ya faɗi, sai ya ji daɗi. Ya kira Hanatu ya nuna mata, ya ce, "Kin gani ko? Wannan jini ne? Ruwa ne zalla. Shi ke hana ta tashi. Sai mun kwashe shi duka." Ya tambayi Wasila yadda ta ji, ta ce ta ji sauƙi.

Bayan kwana bakwai ya sake. Bayan wasu bakwai ya sake na uku, har ya ƙara biyu a kafaɗa don ya ga har yanzu ruwan ne ke fitowa. Washegarin na ukun nan Wasila ta yanke jiki ta faɗi a bakin tukunyar wanka, sai da aka yi ta yayyafa mata ruwa kafin ta buɗe ido. Ƙafafunta sun kumbura, leɓenta ya yi fari. Labbo ya duba ya ce a ransa, lalle ciwon nan da taurin kai yake, sai an yi na huɗu.

Kafin ranar ta zo, wata tsohuwar Bafillatana mai tallan nono, Inno, ta shigo gidan. Duk ranar kasuwa takan biyo ta nan daga rugarsu, ta san Hanatu tun da daɗewa. Ta hango Wasila kwance a inuwa, sai ta sauke ƙwaryarta ta matsa kusa. Ta sa babban yatsa ta ja fatar idon Wasila ƙasa ta leƙa. Ta buɗe tafin hannunta, ta duba farce, ta ce ta fito da harshe. Da zanen ya zame ta ga tabon tsaga jere a baya, wasu ma ba su bushe ba, sai ta ɗago kai.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Hanatu ta ce, "Maigida ne."

"Kira min shi."

Labbo ya shigo da aska a hannu. Inno ta ce, "Kaɗo, matso ka gani." Ta ja fatar idon Hanatu. Ciki jajir kamar zoɓo. Ta ja na Wasila. Fari fat, ba bambanci da nonon da ke cikin ƙwaryarta. Ta ce, "Ka ga na matarka, ka ga na ƙanwarka. Yarinyar ga ba jini ya yi mata yawa ba, babu shi ne. Mu in saniya ta yi haka ko tatsarta ba mu yi, sai mu kai ta inda ciyawa ke da kyau. Kai kuma ka samu ɗan abin da ya rage kana tsotsewa da baki."

Ran Labbo ya ɓaci, ga matarsa tsaye, ga ƙanwarsa na ji. Ya ce, "Inna, ke shanu kika sani. Ƙanwata ba saniya ba ce."

Inno ta ɗora ƙwaryarta a ka ta ce, "Awo, ba saniya ba ce. Da saniya ce da ta harbe ka tun ƙahon farko." Ta fita abinta.

Hanatu da Wasila suka ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi, Wasila har ta yi ɗan murmushi. Labbo ya koma rumfarsa yana huci. Mutum uku na jiran aski. Yana cikin yi wa na farko, sai hannunsa ya kai kan idon mutumin ya ja fatar ƙasa. Ja. Ya ja na biyu, ja. Na ukun ya ce, "Kai Labbo, aski na zo ko neman tsutsa a ido?" Shi ma ja. Ya tuna ruwa-ruwan nan da ya juye a yashi sau uku yana murna. Ashe ba ciwon ne yake fitowa ba, jinin ƙanwarsa ne da ya riga ya tsinke don ƙaranci. Bai tsaya nan ba, zuciyarsa ta kai shi kan wata mai jego a bayan kasuwa da ya yi wa ƙaho shekara biyu da suka wuce, ita ma haka jininta ya fito, ba ta kai arba'in ba ta rasu, mijinta har ya zo ya yi masa godiya don ya yi ƙoƙari. Labbo ya ajiye aska ya ce wa mutanen su yi haƙuri, cikinsa ke ciwo.

Da la'asar ya tare Inno a hanyar ruga. Ya durƙusa ya gaishe ta, abin da bai taɓa yi ba. Ta dube shi ta ce, "Ashe kana da kunne." Ya ce ta gaya masa abin da zai yi. Ta sauke kaya suka zauna gindin wata tsamiya. Ta ce masa wannan ciwo shi ne mutane ke kira fara, kuma ba hanya ɗaya yake shigowa ba. Akwai wanda jininsa zuba ya yi, kamar Wasila, wannan ba abin da yake so sai abinci da haƙuri. Akwai wanda wani abu ne a cikinsa yake shanye jinin, in ba a kori abin ba ko sa guda ya cinye ba zai yi ja ba. Ta ce ta ga haka a tumaki, ta ga haka a mutane. Ta ce ya nemi hanta, a gasa sama-sama kada ta bushe, kullum in da hali. A dafa zogale da rama da wake. A tafasa karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, ta riƙa sha. Ya je wurin maƙeri ya roƙi ruwan da ake tsoma ƙarfe mai wuta a ciki, a tace a riƙa zuba mata kaɗan a kunu. Labbo ya ce, "Za ta tashi?" Inno ta ce, "Wannan sai Allah. Ni dai na san in ka ƙara ɗora mata ƙaho ko guda, to ka tanadi likkafani."

Tun daga ranar ya fara. Ya yanka ɗaya daga awaki ukun da yunwa ta bar masa, ya je wurin Sahabi maƙeri da tulu. Amma bai gaya wa kowa dalili ba. Da ranar ƙaho ta zo, Wasila ta ce, "Yaya, yau ne hwa." Ya ce askarsa ta dakushe. Bayan kwana biyu ta sake tambaya, ya ce ranar ba ta da kyau. Kullum da ƙaryar da zai yi, don bakinsa ya kasa furta cewa shi ne.

Ana haka sai ga Arzika da uwarsa Uwani sun iso daga Wonaka da jaki, don labari ya kai musu cewa jikin ya ƙi. Uwani ta ga surukarta ta yi salati. Ta tambayi abin da ake yi mata, Wasila ta ce da muryar da ba ta fita sosai, "Yaya ya yi min ƙaho sau uku, da anka yi ina jin sauƙi. Yanzu kuma ya bari." Uwani ta juya ta ce, "To mi ya hana a ƙarasa? An taso ciwo an bar shi rabi?" Labbo ya ce ana ba ta magani. Ta ce, "Hanta da ruwan maƙera ne magani? Malam Labbo, in tausayi ne ya kama ka ba laifi, ba kowa ke iya tsaga ɗan'uwansa ba. Akwai wanzami a Gusau, a hanyarmu yake. Arzika, ɗaura wa jakin nan shimfiɗa, mu tafi da ita tun rana ba ta yi ba."

Hanatu ta fara haɗa kayan jaririya. Arzika ya fita ya jawo jaki har ƙofar tsakar gida. Maƙwabta mata biyu sun shigo yin sallama, wani dattijo na zaure yana jiran aski. Labbo na tsaye, ya san wanzamin Gusau ɗin, ya san abin da zai yi, don shi ma da haka zai yi. Zai ga jini tsararo ya ce a ƙara. Da aka kama Wasila za a miƙar da ita, sai Labbo ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Inna, ku ajiye ta. Ba tausayi ne ya hana ni ba. Ni na kai ta inda take. Jininta ya zuba wurin haihuwa, an gaya min ban ji ba. Ɗan abin da ya saura na bi shi da ƙaho sau uku. Ruwan da na gani na ce ciwo ne, ba ciwo ba ne, jinin ne ya ƙare. In kunka kai ta anka yi na huɗu, ba za ta ga Wonaka ba."

Ya roƙi Arzika ya matso, ya ja masa fatar ido ya ce Uwani ta duba, sannan ya ja na Wasila. Uwani ta duba wannan, ta duba wancan. Ta ce, "La'ilaha illallahu. Yanzu kai da ake zuwa wurinka daga gari-gari, ba ka san jini da ruwa ba? Wa ya gaya maka?" Ya ce, "Mai tallan nono." Ɗaya daga matan maƙwabta ta toshe baki da gefen zane.

Wasila ta ce a hankali, "Yaya, ai da ka yi na ji sauƙi."

Ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Kin ji, ko dai kin ce?"

Can ta ce, "Na ga kana murna ne."

Arzika, wanda tun zuwansa bai yi magana ba, ya fita ya kwance wa jaki shimfiɗa. Da ya dawo ya ce, "Ta zauna, Yaya. Amma zan riƙa zuwa ina duba idon da kaina."

Kafin kasuwa ta zagayo labari ya gama Bungudu. Da damina ta matso, rumfar da ba a samun wurin zama sai ga ta fayau, manoma suka koma wurin wani. Masu zuwa aski ma sai sun tsokane shi, "A yi a hankali Labbo, kunne ne wannan ba gashi ba." Bai taɓa mayar wa kowa ba. 'Yan kaɗan da suka ci gaba da zuwa ƙaho kuwa sai ya fara da ido da tafin hannu, in ya ga fari ya ce ba zai yi ba, ko mutum zai yi fushi. Ta haka ya gano abin da Inno ta faɗa gaskiya ne, fara ba hanya ɗaya take shigowa ba. Wani Sabiru mai noman fadama ya zo yana haki, farcensa ya lotsa kamar ludayi, da Labbo ya matsa masa da tambaya sai ya ce cikin kunya wai yana sha'awar cin ƙasar bango. An ba shi hanta wata guda ba canji, sai da mai magani ya ba shi na tsutsar ciki sannan ya fara murmurewa. Yaran da zazzaɓin damina ke kamawa kuwa, in ya taɓa gefen cikinsu na hagu sai ya ji saifa ta kumbura, da sanyi ya shigo zazzaɓin ya lafa sai idon ya ɗan dawo. Akwai kuma wata yarinya da aka kawo daga Tsafe, idonta fari da ɗorawa-ɗorawa, ƙasusuwanta na ciwo duk lokacin da aka yi ruwa, yayyenta biyu haka suka yi suka rasu. Wannan amosanin jini ne, ba hanta ba karan dafi. Ya gaya wa uban gaskiya, ya ce bai san maganinsa ba, amma don Allah kada ya bari kowa ya tsaga ta.

Ita kuwa Wasila, abin ya zo da nawa. Kowace safiya kafin ya fita sai ya durƙusa ya ja fatar idonta, ta riƙa cewa, "Yaya, za ka cire min idon ne?" Sati uku bai ga komai ba, har ya fara tunanin ya makara. Akuya ta biyu ta tafi, ta uku ta tafi, ya koma bin mahauta yana roƙon su ajiye masa hanta. A sati na biyar ya ga wani ɗan ja-ja a gefe, bai yarda da idonsa ba sai da ya kira Hanatu ta duba. Kumburin ƙafa ya saɓe. Wata rana ta ce dakan da ake yi a kunnenta ya tsaya. Da gero ya fara fitar da kai ta iya zuwa rijiya ta dawo, ba da tulu ba dai, amma da ƙafarta.

Bayan an yanke gero Arzika ya zo ɗaukarta. Ya duba idon kamar yadda ya saba, ya ce, "To, Alhamdu lillahi." Labbo ya ce zai raka su. Aka kawo jaki, Wasila ta ce a ɗora kaya, ita da ƙafa za ta. Ta goya Saude ta shiga gaba. Labbo na biye a baya yana kallon tafiyarta, duk inda ta rage sauri sai ya matso kusa da ita. Sau biyu kawai ta zauna, ɗaya ma don ta ba yarinya nono ne. Da suka hango gidajen Gusau ta juyo ta gan shi ya tsare ta da ido, gumi ya jiƙa masa riga, ta ce, "Yaya, kai ne ka gaji. Hau jakin."

Arzika ya yi dariya. Labbo ya so ya ce ta yafe masa, maganar da yake ɗauke da ita wata biyar, ya buɗe baki, sai ta riga shi ta ce su yi sauri kada rana ta faɗi ba su shiga gari ba. Ta gyara goyonta ta ci gaba, shi kuma ya bi bayanta.